Yadda Ake Zaɓen Zomon da Zai Gyara Miji Mai Ritaya

'Yar'uwa, idan maigidanki ya yi ritaya, kuma a satin farko ya gano ashe gidan nan yana da kicin, to wannan darasi naki ne. Matakai bakwai ne. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari kafin wata uku hannunsa zai fita daga kayanki. An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, ta kuma yi aiki a kan dukkan wanda aka gwada. Mutumin maƙwabcinmu ne, tsohon sufeton makarantu. Wadda ta yi gwajin matarsa ce, Maman 'Yan Biyu, mace mai haƙuri da dogon lissafin zuci.

Mataki na ɗaya: Ki tabbatar ciwon ya kai na zomo

Ba kowane miji ake saya wa zomo ba. Wanda ya kwanta a falo da rediyo a kan ciki, ki ƙyale shi, Allah ya riga ya yi miki gyara.

Sufeto ba haka yake ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana faɗa wa azuzuwan mutane ba sallama, yana buɗe durowa, yana rubuta rahoto. Da aka sallame shi ya yi kwana biyu yana hutawa. A rana ta uku ya shiga kicin da biro a aljihun gaba.

Ya jera robobin kayan miya bisa tsayi. Ya mayar da wuƙaƙe can saman kabad inda sai ta taka kujera. Ya yanka 'yan takardu ya manna wa kowace roba suna.

"Malam," in ji ta, "shekara talatin da huɗu ina gane gishiri ba tare da an rubuta min ba."

"Ai ba don ke na rubuta ba," in ji shi. "Don tsari ne."

Ranar da surukan 'yarsu suka zo cin abinci, ta miƙa hannu inda gishiri yake zama tun suna amare, ta ɗebo ta zuba. Sukari ne. Baƙin suka cinye miyar suna yabawa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da suka tafi ta kira ɗaya daga cikin 'yan biyun a waya, ta tambaye ta ko ɗakin baƙinsu babu kowa. 'Yar ta ce, "Mama, lafiya?" Ita ma sai ta ji nauyin tambayar da ta yi. Ta ce lafiya lau, ta ajiye wayar, ta daɗe zaune a bakin gado.

In kin kai nan, ciwonki na zomo ne.

Mataki na biyu: Ki tafi ke kaɗai, ki fara duba hannun mai sayarwa

Kada ki kuskura ki tafi da maigida. Zai duba kejin mutane ya ba su maki.

Maman 'Yan Biyu ta tafi bayan kasuwa wurin wani dattijo da kowa ke kira Mai Zomaye. Kejuna jere a ƙarƙashin rumfar kwano, warin busasshiyar ciyawa ko'ina. Yatsunsa uku naɗe da filasta. Wannan alama ce mai kyau. Mai zomayen da hannunsa ke sumul, ko dai bai san kayansa ba ko kuma yana da wanda ake ciza a madadinsa.

"Na yara ne?" ya tambaye ta.

"Na babba ne."

"Shekararsa nawa?"

"Sittin da ɗaya."

Mai Zomaye ya dube ta, ya jawo mata benci. "Zauna, Baba. Ba ke ce ta farko ba."

Mataki na uku: Ki zaɓi iri da idon basira, ba da idon tausayi ba

Nan mata da yawa ke faɗuwa, domin zuciya takan tafi wurin kyakkyawa.

Ya fara nuna mata ƙaton fari mai jan ido, kwance kamar buhun gari. Ya ce irinsu ba ruwansu, ka ɗauke su, ka ajiye su, duk ɗaya. Ta girgiza kai. Wannan minti goma zai ci na Sufeto, ya dawo mata kicin da sauran ƙarfinsa.

Sai mai kunnuwa a zube, wanda fuskarsa kullum kamar an yi masa laifi ya yafe. Sanyin hali, son a shafa shi. Ta kusa cewa a ba ta shi, har ta sa yatsa ta jikin waya ya shinshina. Sai ta tuna abin da ya kawo ta. Dabbar da za ta yarda da duk abin da Sufeto ya yi mata, ƙara masa ƙarfin gwiwa kawai za ta yi.

Mai dogon gashi kamar auduga ya ɗan ja hankalinta, don an ce kullum sai an taje shi. Amma Mai Zomaye ya yi mata gaskiya, ya ce gashin yana tashi yana shiga abinci. Ta ce a wuce.

A keji na ƙarshe akwai 'yan ƙanana masu gajerun kunnuwa a tsaye, kai kamar lemo, ido a waje.

"Waɗannan ba sa girma," in ji shi. "Amma ba a faɗa musu ba. Kowannensu ji yake shi ne mai unguwar."

"Su nake so," in ji ta.

Ki riƙe wannan a ranki: a zomaye, yadda jiki ke raguwa haka ra'ayi ke ƙaruwa.

Mataki na huɗu: Namiji ko mace

Mai Zomaye ya ce namiji ɗan fara'a ne. Zai bi mutum ɗaki ɗaki, ya riƙa zagaya ƙafarsa, in abin ya motsa ya fesa fitsari a bango don a san ya zo. Ba ya riƙe mutum a zuci. Duk inda aka je da shi, sai ya sa baki.

"Ina da irinsa a gida," in ji ta. "Macen fa?"

Ya ɗaga hannunsa mai filasta. "Dukansu ukun nan aikin waccan ne."

Wata 'yar toka-toka ce zaune a kusurwa, ta tara ciyawarta gefe guda, kwanon abincinta a ɗaya gefen. Mai Zomaye ya sa sanda ya ɗan matsar da kwanon. Ta yi wani gurnani da bai dace da girmanta ba, ta buga ƙafar baya a ƙasa, ta kama bakin kwanon da haƙori ta ja shi daidai inda yake da farko. Sannan ta goga masa haɓa.

"Goga haɓan nan, sa hannu ne," in ji shi. "Ta ce nata ne. Ba duka mata ke haka ba, amma wannan ba a taɓa mata kaya."

Maman 'Yan Biyu ta tsaya tana kallonta. Rabon da ta ji wani ya fahimce ta haka har ta manta. Ba ta ko nemi ragi ba, ta biya.

Mataki na biyar: Kada ki ba shi

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin. In kika ce kyauta ce, zai gane an nema masa aiki, ya yi fushi. Ki ce taki ce. Sannan ki kula da ita a gabansa, ki yi komai ba daidai ba.

Ta ajiye kejin a baranda, a karkace. Ta zuba ruwa har ya malala. Ta jefa kabeji guda ba yankawa. Sufeto yana kujera da jarida, amma tun da aka shigo da kejin bai juya shafi ba.

"Wa ya ce miki haka ake yi?"

"Ai dabba ce, Malam. Ko yaya aka yi mata."

"Rana za ta buge ta a nan da ƙarfe biyu."

"To Allah ya ba ta haƙuri."

Ya ninke jaridar. Kafin la'asar ya mayar da kejin inuwa, ya sa katako ya daidaita ƙafarsa ɗaya, ya samo sabon littafi ya ja layi uku: lokaci, abinci, bayani. Washegari da safe Maman 'Yan Biyu ta shiga kicin ta tarar ba kowa. Ta sauko da wuƙaƙenta.

Mataki na shida: Ki bar haƙori ya yi koyarwa

Ba za ki daɗe kina jira ba. A rana ta biyu Sufeto ya lura tsarin cikin kejin bai yi ba. Kwano ya kamata ya zauna kusa da ruwa, ciyawa kuma a baya. Ya zura hannu.

Daga kicin matarsa ta ji gurnani, ta ji buga ƙafa, sannan ta ji mijinta ya kira sunan Allah da muryar da ba ta taɓa ji ba. Ya shigo riƙe da babban yatsa.

"Ta cije ni."

"Me ka yi mata?"

"Gyara na yi mata."

Ki wanke ciwon, ki sa magani, ki naɗa filasta, kuma ki riƙe fuskarki. Kada ki yi dariya, kada ki yi sharhi. Duk kalmar da kika faɗa a nan, za ta ɓata wa zomanyar aiki.

Ya sake gwadawa ranar Laraba da safar hannu. Ta cije safar ta ƙi saki. Ya gwada da cokali, ta ƙwace cokalin. Ran nan ya raɗa mata suna Firinsifal, ya ce a duk shekarun aikinsa ita ce shugabar makaranta ta farko da ta hana shi shiga. Ya tafi wurin Mai Zomaye da kansa, suka daɗe suna gwada wa juna yatsu. Ya dawo da sabon ilimi, ya zaunar da matarsa ya karantar da ita.

"Kin ga, wurinta ne. Ita ta san dalilin da ya sa ta ajiye kowane abu a inda ta ajiye. Kai da ka zo daga waje kana ganin hargitsi ne, alhali tsari ne. Sai ka tsaya a ƙofa, ka bari ta zo da kanta."

"Ikon Allah," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ashe haka ne."

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙofar kicin. Ya tashi ya ce bari ya je ya duba ruwan Firinsifal. Da yamma ta ga 'yan takardun nan na jikin robobi a kwandon shara.

Mataki na bakwai: Ki san lokacin da za ki tsaya

Mace mai wayo a nan take rufe littafi. Amma Mai Zomaye ya gaya wa Sufeto cewa zomo yana bukatar miƙe ƙafa, don haka ya fara buɗe kejin kullum da hantsi. Firinsifal ta zagaya gidan, ta yanke wayar cajar waya biyu, ta ƙi falo, ta ƙi ɗakin kwana. Ta shiga kicin, ta sami lungu tsakanin kabad da kwandon albasa, ta goga wa kwandon haɓa, ta kwanta.

Maman 'Yan Biyu ta zo ɗaukar albasa, ta ja kwandon. Haƙoran suka same ta a idon sawu.

Sufeto ya iso da gudu, amma ya ja birki a bakin ƙofa. "In shigo?"

Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa jin wannan tambayar ba, sai yau da take tsaye da ƙafa ɗaya.

"Shigo ka ɗauke abarka. Gobe za ta koma inda ta fito."

"Kin taɓa mata kaya ne."

"Kwandona ne, Malam."

"Na sani." Ya durƙusa yana duba mata ƙafar, bai ɗago ba. "In kin ce ta koma, ta koma. Kicin ɗinki ne. Kawai dai tun da na bar aiki, ita kaɗai ce in na yi gyaran murya take ɗaga kunne."

Ta dubi tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare, da yatsun nan masu filasta da ke lalubar idon sawunta a hankali. Ta tuna wata biyu ke nan wayarsa ba ta yi ƙara ba sai in 'ya'yansa ne. Ta ja numfashi.

"Kwandon nata ne," in ji ta. "Sauran nawa."

Yanzu kullum da hantsi Sufeto yana kicin, a kan 'yar kujera kusa da ƙofa, hannuwa a kan gwiwa, Firinsifal kwance a gefen ƙafarsa. Yana ba matarsa labarin makarantun da ya zaga, wasu ta ji sau goma, wasu ba ta taɓa ji ba. Albasa kuwa sai zomanyar ta fita shan iska ake ɗiba, da sauri. Rannan tukunya na tafasa, hannun Maman 'Yan Biyu duk kumfa, ta ce ya miƙo mata ludayi ga shi nan kusa da shi.

"A'a," in ji shi. "Ni ba na taɓa kayan mutane."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba likitan dabbobi ba ce, ba kuma mai sasanta ma'aurata ba. Babu ruwanta da wayar da aka yanke, labulen da aka ci, ko idon sawun da ya kumbura. In kika sayo mace ta zama namiji, tsakaninki da mai sayarwa. In mijinki ya gyaru fiye da yadda kika so, ke kika nema. Mai ƙorafi ta kai gidan Maman 'Yan Biyu, ta tsaya a ƙofar kicin ta yi sallama, ta jira mai wurin ta fito ta shinshina ta tukuna.