Yadda Za Ka Ba Metar Tukwici A Jirgin Nilu Ka Koma Gida Da Matarka

Kai da ka yi adashe shekara biyu don ka hau jirgin shaƙatawa daga Luksor zuwa Aswan, nemi wuri ka zauna. Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗaukar faranti a jiragen nan har bayana ya lanƙwashe, babu irin miƙa tukwicin da idona bai gani ba. Ka bi matakan nan daki-daki, na ɗaukar maka alkawari uku: teburinka zai kasance a bakin taga, gasasshiyar tantabararka za ta iso da zafinta, kuma za ka sauka a Aswan da matar da ka hau da ita. Na ukun nan kada ka raina shi. Ustaz Wagdi, tsohon akawun ofishin ban-ruwa a Damanhur, ya raina shi, shi ya sa za ka yi ta jin sunansa. Igiyar aure ɗaya tak ta rage tsakaninsa da Madam Awatif ranar da suka hau jirginmu, kuma da ita ya je yana wasa a gaban tukunyar miyar lalo.

Mataki na 1: Gane mutumin

Metar shi ne shugaban ɗakin cin abinci. Ba ya ɗaukar faranti, ko ƙwai ba ya soyawa. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa cikin baƙar kwat, hannuwa a baya, ya yanke wa kowa hukunci: wannan taga, wancan gindin ƙofar kicin inda za a yi ta banko masa ita a kafaɗa har kwana huɗu. Kada ka kai kuɗinka wurin mai tuƙin jirgi. Yana can sama cikin jallabiya yana kurɓar shayi, babu ruwansa da cikinka.

Namu sunansa Metar Higazi, mutumin Kudu ne, daga wani ƙauye kusa da Esna. Ka riƙe wannan da kyau. Mutanen Kudu in sun ce a'a iri biyu ce, kuma ta biyun ko jirgin ne zai nutse ba ta canzawa.

Mataki na 2: Nemo ambulan

Kada ka miƙa kuɗi tsirara, ba mai goge takalmi ba ne. Sa su cikin farin ambulan, ka lashe bakinsa ka manne. Binciken da na yi a kicin ya tabbatar da cewa ambulan mai kauri ya fi mai kuɗi daraja, saboda haka canza babbar takarda zuwa ƙanana. Kafin ya buɗe ya gane, ka riga ka ci tantabara biyu.

Ustaz Wagdi a nan bai yi kuskure ba. Tun daga gida ya zo da nasa, ragowar na ofis, har da hatimin ban-ruwa a kusurwa.

Mataki na 3: Miƙa tun ranar farko

Turawa sai ranar sauka suke bayarwa, wai sakayya ce ga aikin da aka yi. Allah ya ba su lafiya. Me tukwici zai yi maka bayan ka gama cin abinci mai sanyi? Kai miƙa naka a abincin rana na farko, jirgi ko igiya bai kwance ba.

Mataki na 4: Bari ya ƙi sau biyu

Za ka miƙa, zai dafa ƙirji ya ce haba, ai aikinsa ne. Ka sake miƙawa, zai ja da baya ya ce wallahi ka kunyata shi. Duk wannan gaisuwa ce. A karo na uku ka kama hannunsa kamar za ku yi musabaha, ka kawar da kai ka yabi labulen taga. In ka juyo, ambulan ya ɓace, kuma ba kai ka bayar ba, ba shi ya karɓa ba. Haka iyayenmu suka yi, ba a taɓa jin kansu ba.

Mataki na 5: Kada matarka ta buɗe baki kafin a gama

Ga inda aka fara samun matsala. Ustaz Wagdi ya yi miƙawa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Yana ɗaga hannu zai yi ta uku sai Madam Awatif, baiwar Allah, ta tambayi Metar ko jirgi zai wuce Esna da sauran haske, don tana so ta hango garinsu. Shekara sha huɗu rabonta da shi.

Metar ya ji harshen gida. Ya tambaye ta wane gari, ta faɗa. Wane gida, ta faɗa. Ashe mahaifinta ne ya koya masa karatu, shi ne kuma ya sayar da ɗan maraƙi ya kai mahaifiyar Metar asibiti wata shekara. Mutumin nan da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya tsaya idonsa na kawo ruwa, ya janyo mata kujera da hannunsa a teburin taga mafi kyau. Sannan ya dubi ambulan ɗin kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Ustaz, mayar da abinka. 'Yar malamina ce. In na karɓi kuɗinku, da wace fuska zan shiga garinmu?"

Mai hankali a nan zai gode, ya zauna, ya ci tantabararsa kyauta. Ustaz Wagdi kuwa mutum ne da tunda yake ba a taɓa riga shi biyan kuɗin shayi ba. Ya ji a ransa ana so a nuna wa ɗakin nan kaf cewa albarkacin matarsa yake ci.

Mataki na 6: Hau tsanin rantsuwa a hankali

Rantsuwa hawa-hawa ce, kuma kowa a ƙasar nan ya san jerin. Ka fara da ran 'ya'yanka. In bai karɓa ba, kabarin mahaifinka. In ya ƙi, gishirin da kuka ci tare, ko da yau kuka haɗu. Can a ƙololuwa akwai rantsuwa da sakin mata, wadda ake ajiyewa kamar tukunyar kashe gobara: kowa ya san inda take, ba a son a taɓa.

Ustaz Wagdi ya taɓa ta sau biyu a baya. Ta farko a kan kuɗin tasi da shi da surukinsa, ta biyu a kan wata kankana da ya rantse ja ce, aka yanka ta fito fara tas. Duka biyun sai da aka je gaban malami aka mayar da aure. Ya san saura ɗaya, Madam Awatif ta sani, ɗansu Tamir da ya biya musu kuɗin jirgi ya sani. Amma ya haye tsanin nan cikin minti biyu kamar ana korarsa, ya ɗaga ambulan sama a gaban mutum tamanin.

"Na rantse da sakin matata, ambulan ɗin nan ba zai koma aljihuna ba."

Cokula suka tsaya. Metar Higazi ya gyara kwat, ya ce cikin sanyin murya:

"Ni ma na rantse da sakin tawa, hannuna ba zai taɓa shi ba, ni da duk wanda ke aiki a ƙarƙashina."

Ni ina ƙarƙashinsa, don haka na ja da baya da kwanon miya. Matar Metar tana can ƙauye tana toya gurasa, ba ta san an jefa ta cikin zance ba. Madam Awatif ta warware adikonta ta shimfiɗa a cinya. Ta juya fuskarta ga ruwa. Da yamma jirgi ya wuce garinsu, ita kaɗai ta kalla, mijin yana can yana bayyana wa wani likitan haƙori cewa shi ba a yi masa haka.

Mataki na 7: Koyi zama da hannu ɗaya

Yanzu ambulan ba shi da wurin zuwa. Wani ya ce a jefa a kogi, Ustaz Wagdi ya ce kuɗi ba abin wulaƙantawa ba ne. Wani ya ce a ba masu kwale-kwalen da ke tallar zannuwa, ya ce in ya yi haka ai Metar ya ci nasara ke nan. Shi jira yake mutumin ya yi kuskure.

Gwada dabaru, amma kada ka sa rai. Ustaz Wagdi ya tura ambulan ƙarƙashin faranti, Metar ya ɗauko shi da abin ɗiban salak ya ajiye masa a gefen kofi. Ya cusa shi cikin kwandon burodi, kwandon ya dawo teburinsa da safe, da rana, da yamma, da burodin jiya a ciki.

Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka bar shi a ɗakin kwana. Masu gyaran ɗakuna a jiragen nan ba sa iya ganin tawul su ƙyale, sai sun naɗa shi ya zama kada ko biri. Rana ta biyu Ustaz Wagdi ya dawo daga kallon gumaka a Edfu ya tarar an haɗa mutum guda da tawul a kan gado, an sa masa kwat ɗinsa da tabaransa, an saƙala masa ambulan a hannu, tazarar yatsa biyu daga aljihun gaba. Iskar na'urar sanyi tana kaɗa shi. Ihun da ya yi har kicin muka ji.

Daga ranar bai sake ajiye shi ba. Da hagu yake riƙe da shi yana cin abinci da dama, in zai yi alwala ya cije shi da haƙora. Turawa suka ɗauka wasiƙa ce mai muhimmanci, suna ba shi hanya.

Mataki na 8: Kada ka nemi fatawa a gaban wadda abin ya shafa

Kowane jirgi yana da fasinja ɗaya da ya yi shekara biyu a makarantar addini kafin ya koma sayar da tayil. Namu ya zo teburinsu ba a kira shi ba, ya ce abin duk yana ga niyya. Ya tambayi Ustaz Wagdi ko da ya yi rantsuwar yana nufin rabuwa da iyalinsa ne. Ustaz ya yi dariyar jin daɗi, ya ce ina, ko tunaninta bai yi ba a lokacin, shi dai so yake mutumin ya karɓi kuɗi.

Ya faɗi haka ne don ya wanke kansa. Ina tsaye ina zuba wa Madam Awatif ruwa, na ga yadda hannunta ya tsaya a kan kofin. Ni dai na ji kunya, na ji haushi, kuma da ba don kwat ɗin aiki ba da na faɗa masa magana.

Mataki na 9: In ta miƙo hannu, ba ta

Abincin rana na ƙarshe, jirgi ya ɗaure a Aswan, akwatuna suna bakin ƙofa. Ustaz Wagdi ya rame, yatsunsa sun ƙage, ambulan ya yi baƙi da maiƙo. Metar yana tsaye a wurinsa. Madam Awatif ta gama cin abincinta tsaf, ta goge baki, ta miƙa tafin hannu.

"Abu Tamir, ba ni."

Ya ba ta, har da ajiyar zuciya, yana zaton za ta roƙi ɗan garinsu ne. Ta miƙe ta zagayo, ta sa yatsa ta buɗe aljihun gaban kwat ɗin mijin nata, ta riƙe ambulan a bakin aljihun. Ko numfashi bai yi ba.

"Shekara talatin da ɗaya muna tare," in ji ta. "Ka taɓa rantsewa da motarka?"

Ya ce a'a.

"Da gonar mahaifinka fa?"

"Haba Umm Tamir, gona ai ba abin wasa ba ce, in mutum ya rasa ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da ya faɗa, ɗakin ma ya ji. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba. Shi ma sai ga shi yana kuka, babban mutum da furfura, yana cewa ta yi masa rai. Can ta janye hannun, ta buɗe jakarta ta saka ambulan, ta ja zif.

"Yana wurina," ta ce. "Ni ban rantse da kowa ba. Ranar da na ga dama, na san hanyar aljihunka."

Ta yi wa Metar sallama, ta ce ya gaida mutanen gida, ta wuce gaba. Ustaz Wagdi ya bi ta da akwatuna biyu.

Labarin da ya iso mana daga Damanhur shi ne, a makon da suka koma ya kwashe tufafinsa duka ya kai wa tela aka ɗinke aljihunan. Makullansa a wuya yake rataye su. In gardamar biyan kuɗin shayi ta tashi a majalisa, sai ya sunkuyar da kai ya bar wani ya biya, kuma kullum kafin la'asar yana gida yana tambayar ko akwai abin da za a sayo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu tsohon ɗan ɗaukar faranti ne, ba malami ba, ba alƙali ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa kuɗinsa, ko teburinsa, ko matarsa, ya nemi wanda ya koya masa rantsuwa, kada ya neme ni. Ban ba ka ambulan ba, ban buɗe maka baki ba. In kuma matarka ce ta riga ka karanta wannan takarda har ta nemi ka ba ta wani abu ta ajiye maka, babu hannuna, kuma ba ni da lambar telan.