Gayyar Baba Maikano

Wani abokina, malamin labarin ƙasa a wata sakandare wajen Malumfashi, ya aika wa wani dattijo, Baba Maikano, cewa ranar Asabar zai kawo ɗalibansa gonarsa su koyi yadda ake noma. Ashe ciyawa ta sha kan geron Baba, ga 'ya'yansa duk sun gudu birni. Da jin saƙo ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, Allah ya kawo masa gayya har gida. Shi a saninsa, wanda ya zo koyon noma da damina ai fartanya zai riƙe. Murna ta hana shi zama. Ya bi maƙwabta ya aro fartanyoyi, ya sa matarsa ta turara dambu da zogale cike da tukunya, har zakaran da yake tattali don salla sai da ya sha wuƙa.

Ranar Asabar mota ta tsaya, yara suka zubo ana ta shewa. Baba baki har kunne, ya ce a fara da ciki, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ai kuwa ba su yi masa fulako ba, har ƙanzo suka kankare. Da aka wanke hannu ya jera fartanyoyi a bakin kunya. Yana ɗagowa ya ga kowa ya zaro biro da takarda, wasu na ɗaukar ciyawa hoto.

Ya ce, "Malam, a ce su kama mana, rana tana yi."

Abokina ya sosa ƙeya ya ce, "Ayya Baba, ai mu bincike muka zo. Tambayoyi kawai za su yi maka, su rubuta."

"Tambayoyi? To ciyawar fa?"

"Ita ma za mu rubuta ta, Baba."

Baba ya dubi tukunya, ya dubi ƙasusuwan zakaransa. Ya ɗauki fartanya guda ya duƙa. Sai ga wata ɗaliba ta biyo shi cikin kunyar gero, tana lashe man dambu a leɓe.

"Baba, tambaya ta farko. Mece ce babbar matsalar noma a wannan yanki?"

Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Rubuta da kyau, 'yata. Masu cin dambu mota guda, mai sunkuyo mutum ɗaya."