Yadda Umma Ta Tsare Mana Bencin Gaba

Yau da safe ni Subhi, da furfurata da komai, na tsaya a ƙofar ofishin shugabar makarantar 'ya'yana, hannu a baya kamar wanda aka kama yana satar alli. Ban ma isa da wuri ba. Ƙaramar bas ɗin da na hau a unguwar Shubra ta shiga layin mai da mu a ciki, direba ya kashe inji ya ce duk mai sauri ƙafarsa na nan. Na sauka na taka. Manya sun ce babu ƙarancin mai, kuma ni na yarda da su ɗari bisa ɗari. Motocin ne kawai suke son junansu, shi ya sa suke yini a jere.

Laifina babba ne, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauki 'yan biyuna, Rawan da Tasnim, 'yan aji huɗu, na kai su yawon jirgin ruwa a kogin Nilu ana tsakiyar zangon karatu.

Kafin ku jefe ni, ku ji yadda aka yi. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙa takan shirya tafiya daga Luksor zuwa Aswan da araha, amma sai lokacin da makarantu suke buɗe. Da hutu jirgin na su Basha ne, wato manyan ƙasa, da baƙi 'yan yawon buɗe ido masu jan hanci, irinmu sai dai mu ɗaga musu hannu daga kan gada. Na tsufa ina jefa sunana a ƙuri'a, bana ya fito. Yaran nan kuwa kullum suna haddace sunayen gine-ginen fir'aunoni daga wani littafi da hotunansa suka zama baƙin tabo. Na ce ko sau ɗaya su gani da idonsu.

Ana cikin haka sai Mai Girma Basha, wanda Allah ya ɗora wa nauyin ilimin 'ya'yanmu, ya fito a talabijin ya ƙaddamar da yaƙi da fashin makaranta. Ya buga tebur, ya ce duk uban da ya hana ɗansa aji ko na yini guda maƙiyin ƙasa ne. Ya cancanci ya faɗa. 'Ya'yansa ba su taɓa yin fashi a makaranta irin tamu ba, tunda ba su taɓa taka ƙofarta ba. Shi ne kuma ya yi mana alkawarin sababbin ajujuwa, ya zo ya aza harsashi, ya sake dawowa ya aza a wuri guda. Dutsen harsashin nan ya sha tafi fiye da kowane ɗalibi a unguwarmu.

Amma gaskiya ba Basha ne ya hana mu sukuni ba. Benci ne.

Kun san ranar farko ta komawa makaranta. Ajin su Rawan yara sun kusa casa'in, bencina kuwa ko rabinsu ba za su ɗauka ba. Uwargidana Umm Rawan, mace mai kunya wadda ba ta ɗaga murya ko a kasuwa, ta haura ta taga tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Ta rasa takalmi ɗaya, wata mata ta yage mata mayafi, amma ta kama bencin gaba, ta ɗaure ƙafarsa da sarƙa a ƙarfen taga, ta datse da kwaɗo. Ba son girma ba ne. Idon Tasnim ba shi da ƙarfi, daga layi na uku allo ya zame mata bango. Kuma dokar aji kowa ya san ta: sarƙa benci take riƙewa, ba gurbi ba. Ka yi mura yini ɗaya, ka dawo ka tarar da 'yar wani ta baje littattafanta.

"In kana son kogi, ka je ka sha shi kai kaɗai, Abu Rawan," in ji Umm Rawan. "Ni ban bar takalmina a tagar nan don Fir'auna ba."

Na sauka ƙasa wajen Ammu Girgis mai guga, wanda duk shawarar unguwarmu daga shagonsa take fita. Ya fesa ruwa a kan riga, ya saurare ni har na gama.

"Ustaz Subhi, a makarantar nan me suke ƙirgawa da safe?"

"Kawuna."

"Suna duba shekarun kan?"

"Wa ke da lokaci?"

"To Hajja Fathiyya me take yi a gida in ban da faɗa da rediyo? Ita kaɗai, ma sha Allah, ta cika gurbin yara biyu, har ta ɗan taɓa na uku."

Hajja Fathiyya mahaifiyata ce, Umma nake ce mata. Da na kai mata maganar, na yi zaton za ta jefe ni da silifa. Sai ta tambaya ko akwai fanka a ajin, na ce babu, ta ce dama ta saba, a kawo mata baƙar rigarta ta zuwa biki.

Ranar da muka hau jirgin ƙasa zuwa Luksor, Umma ta shiga makaranta da kwandonta. Mai gadi ya buɗe baki zai yi magana, ta tuna masa cewa ita ta yi wa uwarsa rakiya ranar aurenta, ya rufe bakin ya karɓar mata kwandon. Malamar ajin, Abla Nagat, don a wajenmu kowace malama Abla ce, ta ce, "Hajja, nan fa aji ne."

"Na gani, 'yata. Yi aikinki, ba zan ce uffan ba."

Ta zauna daram a bencin gaba, ta baza ganyen lalo a cinya tana tsinkewa. Da aka zo kiran suna aka ce Rawan Subhi, ta ce tana nan. Aka ce Tasnim Subhi, ta ce ita ma tana nan. Duk yarinyar da ta matso kusa sai ta samu gutsuren gurasa da harara, ta koma inda ta fito.

Mu kuwa muna can a ruwa. Ba zan cika ku da labari ba, amma na ji daɗi har na ji kunyar kaina. Na ga Tasnim ta manna hanci a jikin wani ginshiƙi tana bin zanen tsuntsu da yatsa, ta juyo ta ce, "Baba, ashe tsuntsu ne. A littafi na zata tawada ce ta zube." Umm Rawan ta ci abincin da ba ita ta dafa ba, tana ci tana kushe shi, tana ƙarawa. Ko da muka isa Isna, inda jirage ke jira a buɗe musu ƙofar ruwa, sai ga layi. Raina ya yi fari, na ce ashe ban bar gida ba. Wani farin jirgi mai tuta ya zo daga baya ya wuce mu duka, muka ɗaga masa hannu cikin ladabi kamar yadda aka koya mana.

A layin nan ne wayata ta yi ƙara. Ammu Girgis ne.

"Ustaz Subhi, kana zaune?"

"Umma ce? Me ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana talabijin."

Ga abin da ya faru. Labari ya iso makaranta cewa Mai Girma Basha zai kawo ziyarar ba-zata, irin ba-zatar da ake sanarwa tun da sauran lokacin yin fenti. Aka shafe bakin titi fari da baƙi. Babbar mota ta sauke tukwanen furanni da sababbin bencina na aro, masu ƙamshin kanti. Sannan, don aji ya yi kyan gani, shugabar makaranta ta umarci rabin yara su zauna a gida ranar. Ku sake karanta wannan jimlar a hankali. Mai yaƙi da fashi zai zo, sai aka ba yara arba'in da wani abu fashi a hukumance, aji guda kawai.

Aka roƙi Umma ita ma ta huta. Ta ce ɗanta ya ba ta amanar benci, ko gwamnan Aljanna ne zai zo ba ta tashi. Aka yi juyin duniya, ta ci gaba da tsinkar lalo. Sababbin bencina suka cika ajin, namu tsoho ya rage a gaba da sarƙarsa da Umma a kai.

Basha ya shigo da masu kyamara a bayansa, ya yi turus. Shugabar makaranta, Allah ya ƙara mata basira, ba ta ko ƙifta ido ba.

"Ranka ya daɗe, ya Basha, wannan sabon shirinmu ne na yaƙi da jahilci. Kaka da jikoki a aji ɗaya, bisa hangen nesanka."

Basha bai san yana da wannan hangen ba, amma ya karɓe shi hannu biyu. Ya sunkuya ya sumbaci kan Umma, aka ɗauka. Ya sake sumbata don mai kyamara ɗaya bai shirya ba. Sannan ya ce, "Hajja, me kika koya a makarantarmu?"

Umma ba ta iya ƙarya ba sai a kiran suna. Ta ce, "Na koyi cewa bencin nan yana da ƙusa ta hagu, ɗana. Ta gama da rigata."

Basha ya juya ga kyamara, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ƙasar da yake aiki, uwa ba za ta zauna a kan ƙusa ba. A canza wa Hajja benci yanzu-yanzu. Aka nemi mabuɗi, mabuɗi yana cikin jakar Umm Rawan a Isna. Aka kawo zarto aka yanke sarƙar, aka fita da tsohon bencin ana tafi, aka zaunar da Umma a sabo fil. Ta ce tun da take ba ta taɓa zama a abu mai santsi haka ba.

Motar Basha ba ta gama fita layin ba babbar motar ta dawo. Ta kwashe furanni, ta kwashe sababbin bencina, don gobe akwai ba-zata a wata makarantar. Aka ɗaga Umma da ladabi aka zare na ƙarƙashinta. Aka dawo da tsofaffin bencina daga bayan gini, kowa ya gane nasa, namu ne kawai babu. Wanda Basha ya kora da bakinsa, wa zai yi ƙarfin halin dawo da shi? Mai gadi ya ce ya ga an ɗora shi a motar, direban motar ya ce shi furanni ya sani. Umma ta dawo gida da guntuwar sarƙa a kwando, ta ƙi cin abinci. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin tsohuwar nan ta riƙe amana iya ƙarfinta.

To shi ne yau aka kira ni in amsa laifin fashi. Shugabar makaranta ta yi mini wa'azi mai kyau a kan muhimmancin kowane yini a aji. Na tambayi benci, ta ce an kafa kwamiti. Na tambayi inda yarana za su zauna kafin kwamiti ya zauna, ta nuna mini ta taga: can baya, a ƙasa, kusa da kwandon shara, inda Tasnim ba za ta ga ko allon ba, balle abin da ke jikinsa.

Sannan ta sa aka kira yaran, ta ce tunda na dage tafiyar ta ilimi ce, su faɗi abin da ya fi burge su. Na riga na shirya su tun a hanya: ginshiƙai, fir'aunoni, tarihin kakanni. Rawan ta zuba nata tiryan-tiryan. Aka zo kan Tasnim, ta kama murza bakin rigarta.

"A jirgin kowa da kujerarsa, Abla," in ji ta. "Ko ka tashi ka je ka sha ruwa, in ka dawo tana nan."

Shugabar ta duƙar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni ma na kama kallon silin, don ba na son yara su ga idona. Ba wanda ya ƙara maganar fashi.

Gobe da asuba Umm Rawan za ta je da kujerun roba biyu na kicin da sabuwar sarƙa, mu kuma mu ci abinci a tsaye har Allah ya kawo hutu. Ina godiya ga Mai Girma Basha da ya raba mahaifiyata da ƙusa. Na ji an ce ya ji daɗin ziyarar har yana son ya sake dawowa. Roƙona ga iyayen yara ɗaya ne: in ya zo, don girman Allah kada wanda ya gaya masa rufin ajin yana yoyo.