Yadda Za Ka Tatsi Gidanka Ka Sayi Kwalekwale Matarka Ba Ta Farga Ba

Kai da ke zaune cikin gidanka kana kukan babu, matso kusa. A cikin kuɗi kake kwana ba ka sani ba. Ni ne Eusebio Longoria, duk Robstown Chebo ake kirana, shekara talatin ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Zan koya maka sabunta bashin gida: banki ya biya tsohon bashin, ya ɗora maka sabo mai kauri, ya damƙa maka rarar a hannu. Bi matakan nan, na rantse kwalekwalen kamun kifi zai tsaya a ƙofar gidanka. Nawa ya tsaya, unguwa duk shaida ce.

Mataki na 1: Ka san maƙiyinka

Dokar Texas ce. Ta ce duk bashin da ke wuyan gidan da kake zaune ciki kada ya wuce kashi tamanin cikin ɗari na darajarsa. Sauran ashirin ɗin naka ne, amma kallo kawai aka yarje maka. Wai don kada ka cuci kanka. Ka ji raini! Mutum da furfurarsa.

Ɗauko fensir. Ana bin gidana dala dubu talatin. Kwalekwalen abokina Baldemar dubu arba'in da takwas ne. Ke nan dole a ce gidan ya kai dubu ɗari, in ba haka ba sai dai in ci gaba da jefa ƙugiya daga kan gada kamar kowane talaka.

Wani ɗan ƙaramin abu: saura shekara huɗu mu gama biyan gidan. Matata Herminia tana da kalanda a jikin firij, duk wata tana soke ɗaya da jan biro. Sabon bashin kuwa na shekara talatin ne. Wannan ba maganar da za ka ɗaga wa mace hankali da ita ba ce.

Mataki na 2: Ka mallaki rufi iri biyu

Mutumin da bai iya wannan ba ya haƙura da ruwa. A gaban matarka rufin gidan ya mutu, jana'iza kawai yake jira. Duk safiya ka ɗaga kai ka kalli silin, ka girgiza kai, ka ja tsaki.

"Tsoho, ɗigo ɗaya ne fa, a kan injin wanki," in ji Herminia.

"Ɗigon da kike gani ke nan. Ni da na hau na ga abin da na gani. Guguwa ɗaya ta taso daga teku, a gidan maƙwabta za mu tsinci kanmu."

Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce to a yi abin da ya dace. Masu ilimi sun tabbatar ƙaryar da ke da ɗigon gaskiya a ciki ba ta cika zunubi ba. Kada ka tambaye ni sunan masu ilimin.

Mataki na 3: Ka yi wa gidan kwalliyar amarya

Banki zai turo mai ƙiyasta darajar gida. A gabansa rufin nan sabo ne dal. Saboda haka ranar da zai zo, ka tura matarka garin Alice wajen yayarta, ka ce ka ji muryar yayar ba daɗi a waya. Kada mutum biyun nan su haɗu ko a mafarki.

Shafe tabon silin da fenti. Aro tukwanen furanni daga maƙwabta. Tura matacciyar akori-kurarka bayan gidan wani. Ni har gasasshen naman barbacoa na sayo da tortilla masu zafi, gurasar masarar nan, na jera a tebur. Mutumin ya ce ya karya kumallo. Ya auna ɗakuna da wata 'yar fitila, ya ɗauki hoton banɗaki. Na kai shi garejin da surukina ya toshe ya mayar ɗaki, ina ta washe baki.

"Akwai takardar izinin gini?"

"Haba, ai surukina ne ya gina."

Ya rubuta wani abu gajere. Bayan mako takarda ta zo: dubu casa'in da biyar. Bayan an cire tsohon bashi da kuɗin takardu, dubu arba'in da huɗu ce ta rage. Kada ka karaya. Baldemar ya karɓa a haka, da sharaɗin zai cire sabon injin ya mayar da tsohon, mai tari da safe.

Mataki na 4: Kada ka yi gardama da matar banki

Ni na yi, don kai ka huta. Na ce wa Misis Zúñiga, jami'ar da ke riƙe da takarduna, gidan nan da sunana yake, na saye shi wata biyu kafin ɗaurin aure.

"Kana da mata, Mista Longoria?"

"Ina da ita, amma ba ta son wahala."

"A gidan take zaune?"

"To a ina za ta zauna?"

"Sai ta sa hannu."

Na ce ta ba ni takardun in kai mata gida, ta sa hannu tana kallon wasan kwaikwayonta. Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce doka ba ta yarda a ƙulla irin wannan bashi a teburin kicin ba. Sai a ofishin banki, ko na lauya, ko na masu tantance takardun gida, kuma matar ta zo da ƙafarta. Ban san wanda ya rubuta dokar nan ba, amma ya san maza.

Mataki na 5: Ka jira kwana goma sha biyu

Wannan ma doka ce. An ba ka su don ka yi tunani. Kada ka yi. Tunani ne ya hana mutane da yawa kwalekwale.

Mataki na 6: Ranar sa hannu

Kai ta ofishin da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, lokacin yunwa ta fara taɓa kowa, ka yi mata alkawarin cin abinci a waje. Takardun sun kai kaurin littafin coci. Ga kuma shekara talatin ɗin nan a rubuce ɓaro-ɓaro a shafin farko. Misis Zúñiga ta tura mata ta ce ta karanta a tsanake.

Herminia ko tabarau ba ta ciro ba. "Chebo ya karanta," ta ce. "Nuna mini wurin kawai."

Haka take tun aurenmu. Haraji, inshora, takardar mota, in na miƙa sai ta sa hannu. Ta sa sau ashirin da wani abu. Daga ƙarshe matar bankin ta ba kowannenmu takarda guda, ta ce kuɗi ba za su fito ba sai bayan kwana uku, kuma a cikin kwanakin nan ko miji ko mata, duk wanda ya ga dama, zai iya soke komai ba tara. Herminia ta ninke tata ta jefa jaka tare da rasit ɗin kanti. Na ce a raina shi ke nan, ta ɓace.

Mataki na 7: Ka ɗaure Baldemar

Da igiya in ta kama. A nan kaɗai aka samu tangarɗa, kuma ba laifin tsarina ba ne.

Rana ta biyu da yamma muna baranda, sai ga ƙarar hon ɗin mota. Baldemar ne, ya jawo kwalekwalen, fari tas, tsawonsa ƙafa ashirin da biyu, ya tare rabin titi. Wai ya ga ba amfanin jira tsakanin abokai. Maƙwabta suka fito. Ya ɗaga hula ya ce, "Uwargida, barka da arziki! Yanzu kifi sai kin ture."

Herminia ta sauka ta zagaya shi sau ɗaya, ta shafa gefensa.

"Tsoho, a wane ɓangaren rufin za a ɗora wannan?"

Na fara bayani. Na ce ai har rufin za a taɓa da canjin. Ba ta saurare ni ba. Ta shiga ciki ta ɗauko takardun da tabaranta, ta zauna a teburin kicin ta karanta tun daga shafin farko, tana bin layi da yatsa. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo gyara ba a biya shi ba. Na so ta yi ihu, ko ta jefe ni da faranti. Ba ta yi ba.

"Shekara talatin," ta ce. "Ina da tamanin da takwas ke nan. Shekara ashirin da shida ina naɗa tamales, alalen masarar nan, na sayarwa duk Disamba har yatsuna su ƙage, don in ga ranar da ba mai iya fitar da ni daga gidan nan. Kana zaune kusa da ni na ce wa matar can ka karanta."

Washegari ƙarfe tara ta tuƙa kanta zuwa banki da 'yar takardar nan. Sa hannu ɗaya ya wadatar. Baldemar ya zo ya ja abinsa, ya riƙe dala dubu biyun da na ba shi kafin alƙalami.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba lauya ba ne, ba ma'aikacin banki ba ne, ba shi da kwalekwale. Alkawarin da na yi shi ne zai tsaya a ƙofar gidanka, ban faɗi na kwana nawa ba. Duk abin da ya same ka, kai da matarka da dokar Texas ku ƙarata, kada a kira ni shaida.

In kana tambayar Herminia, tana nan. Ba ta tafi ba, ba ta daina dafa mini abinci ba, ba ta sake tayar da maganar ba. Jiya dai na miƙa mata katin murnar haihuwar jikarmu don ta sa sunanta a ƙarƙashin nawa. Ta ciro tabarau, ta karanta gabansa, ta juya ta karanta bayansa, ina tsaye da biro a hannu. Wannan ya fi kwalekwalen yi mini ciwo, kuma babu ofishin da ake soke shi.