Rumbun Kawu Ya Bi Iska

Shekara biyu a Mubi, ba wanda ya tambayi aikina: lissafa inda gini zai tsage, ta hanyar warwatsa ɗigo a jikin hotonsa a kwamfuta, ba zana masa raga kamar yadda aka saba ba. Da Kawu Bitrus na Vimtim ya ce, "Ɗana, rumbuna zai jure iskar damina?" sai kaina ya kumbura. Na tara dangi, na saka hoton rumbun a kwamfuta, na danna. Ashe ban kafe ɗigon gindin a ƙasa ba. Rumbun ya bi iska ɗungurungum, ya fice daga allon. Kawu ya tashi neman magini.

Yanzu kam ana kula ni. Hadari na tasowa sai in ji, "Injiniya, riƙe mana rumbu!"