Pak Wardoyo Ya Yaƙi Teɓa

Duk birnin Semarang na ƙasar Indonesiya babu mai unguwa irin namu. Pak Wardoyo mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga taro, ya gaisa da jama'a, kafin shi ya iso. Da likita ya ce ya rage ƙiba, bai ga dalilin da zai sa ya sha wahala shi kaɗai ba. Ga zaɓen mai unguwa ya ƙarato, ga Bu Lastri mai ɗinki tana neman kujerarsa. Sai ya tara mu.

"Bapak-bapak, Ibu-ibu, iyaye maza da iyaye mata! Cin dare rashin tarbiyya ne. Ku dube ni, ku koyi kamun kai!"

Muka dube shi. Akwai abin dubawa kuwa.

Ranar muka laƙaba masa suna Janar Dafaffen Kabeji, don shi matarsa ke ba shi safe da yamma. Dokarsa ta farko: bayan isha kada mai tallan abinci ya shigo lungunmu. Mas Parjo mai soyayyiyar taliya, wanda ƙwanƙwasa kaskonsa ke tashin yunwar kowa, aka kora shi can bakin maƙabarta.

To, Janar mutum ne mai damuwa. Da ya tuna Bu Lastri sai barci ya ƙaurace masa, ciki ya hau ƙugi. Sai ya tashi ya naɗe kansa da zane, idanu kaɗai a waje, ya fita "duba tsaro".

Daren Alhamis 'yan sintiri suka hango ƙaton mutum da rufaffiyar fuska a tsugune bayan amalanken Mas Parjo. Suka hau dukan gangar gora, bugun shelar an ga ɓarawo. Unguwa ta fito da tsintsiya da muciya, ni da takalmi ɗaya. Ɓarawo ya zura da gudu, amma ya ƙi sakin kwanonsa. Wallahi ko ɗigon mai bai zubar ba.

Da aka cafke shi aka yaye zanen, sai ga Janar, taliya na lilo a gashin baki.

"Bincike nake yi!" in ji shi, yana haki. "Shugaba na gari sai ya ɗanɗana makamin abokan gaba!"

"Kada ku taɓa shi," Mas Parjo ya roƙi 'yan sintiri. "Kullum yana wannan binciken. Da ƙwai biyu."

Matar Janar, da ta rame a kan kabeji don taya shi, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa.

Ranar zaɓe Bu Lastri ta lashe, ta soke dokar tun kafin a kwashe kujeru. Mas Parjo, mutumin kirki, ya kafa amalankensa daidai ƙofar gidan Janar, wai kada babban mai cinikinsa ya riƙa wahalar zuwa maƙabarta.

Wannan tafiyar kuwa ita kaɗai ce motsa jikin da yake yi.