Rokar da Ta Ci Geron Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da kakar da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka ba, don a ita ce na samo sunan Malam Roka, kuma har yau bai sake ni ba.

Kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, gefen Tsanyawa. Aji kullum raguwa yake, iyaye na kwashe yara zuwa talla da ƙwadago. Wadda ta fi damuna ita ce Hassana, gwanar lissafi. Kakanta, Baba Sale, ya ce daga ƙarshen zango za ta ajiye biro ta ɗauki farantin gyaɗa. Na ce bari in nuna masa amfanin boko ido da ido.

Akwai wata rokar gwaji a kwali da abokina ya aiko min daga birni, ta shekara a sito. Ina buɗewa na tarar gara ta cinye fukafukanta. Na yanko gwangwanin madara na yi mata sababbi, da ido kawai, ba awo. Na kuma raina injinta (ɗan abu kamar batirin tocila), sai na ɗaura mata na biyun da aka ajiye don ko-ta-kwana. Na kai ta aji na nuna wa yara. Takardar ta ce a harba a fili mai faɗi. Wanda ya rubuta bai san ƙasarmu ba, inda ko akuya za ka ɗaure sai ka taka iyakar wani. Na zaɓi masussuka.

Ranar Alhamis bayan la'asar gari ya taru. Na sha babbar riga (a wajen harba roka fa, jama'a!), na zuba jawabi a kan wata da taurari, sannan na kunna.

Ta tashi kam, tsayin mutum biyu. Sai ta yi kwana, ta wuce ta saman rawanin mai unguwa tana huci, ta soke cikin damman geron da ke jere a gefe. Na Baba Sale ne, duk abin da ya noma. Kafin a jawo ruwa a rijiya rabi ya zama toka.

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya tsuguna, ya damƙi tokar, ya ce, "Malam, ashe wannan ne ilimin? To, Allah Ya sa haka ya fi alheri." Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Bayan sallar Juma'a kowane gida ya kai masa dami ɗaya, yadda aka saba. Ni da ba ni da gona sai dako na yi, ƙaiƙayi na cin wuyana, kaina a ƙasa.

Hassana ba ta ma kai ƙarshen zangon ba. Ran kasuwa na haɗu da ita da farantinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, tun a aji na ga fiffike ɗaya ya fi sauran tsawo. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Tun daga ranar ko ƙusa zan buga sai na auna, in kuma tambayi aji ko akwai mai gyara. Sai dai mai gyaran tana bakin tasha, tana auna gyaɗa da gwangwanin madara.